Pride and Prejudice mai sharhi a gefe: lissafin gadon kaɗai ya biya ni kuɗina

Wanda ke neman littafin da zai jefa a jaka ya riƙa karantawa a cikin mota, ya nemi wani bugun, wannan ba nasa ba ne. Bugun da David Shapard ya yi wa sharhi, The Annotated Pride and Prejudice, ya haura shafi 700, in ka riƙe shi a kwance ba a jimawa wuyan hannu zai fara ƙorafi. Tsarinsa ne ya jawo kaurin. Duk inda ka buɗe, shafin hagu labarin Jane Austen ne yadda ta rubuta shi, shafin dama kuwa bayani ne zalla, an jera da lamba, kowace lamba tana kallon jimlar da take warwarewa. Bayanan sun fi 2,000. Akwai taswirori, akwai zanen tufafi da kekunan doki na zamanin, akwai jadawalin da ya bi labarin wata bayan wata. Shi Shapard masanin tarihi ne, kuma ana ganin haka a irin wuraren da yake ja ya tsaya.

Ni adabin Turanci nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, muna kuma da ɗan zaman karatu da manyan ɗalibai bayan an tashi. Kwafin da muka saba da su na gwanjo ne, rubutu ƙanana, babu bayani ko layi ɗaya. Da irinsu yarinya za ta kai ƙarshen babi na 61 ta rufe littafi tana murmushi, a ranta labarin soyayya ta sha: saurayi mai girman kai, budurwa mai baki, an yi faɗa, an shirya, an sha biki. Sai dai a hanya sukan jefo mini tambayoyin da labarin bai tsaya amsawa ba, don mutanen Ingila da aka rubuta wa shi a 1813 sun riga sun san amsar. “Malama, me ya sa ba za su gaji gidan babansu ba?” “Malama, ita Charlotte me ya hana ta neman aiki?” Saboda waɗannan tambayoyin na sayi bugun, kuma a kansu zan auna shi.

Aikin farko da shafukan dama suke yi shi ne su hana ka tsallake alƙaluma. Da wuya Jane Austen ta shigo da mutum cikin labari ba ta faɗi abin da ya mallaka ba, kuma faɗin iri biyu ne. In namiji ne, abin da ke shigo masa a shekara ake ambata: Mista Bennet, mahaifin jarumar labarin Elizabeth, fam 2,000, sabon maƙwabcinsu Bingley 4,000 ko 5,000, abokinsa Darcy, saurayin nan mai girman kai, 10,000. In mace ce, dunƙulen abin da za ta shiga da shi gidan miji ake ambata: 'yan'uwan Bingley mata kowacce fam 20,000, Georgiana ƙanwar Darcy 30,000, wata Mary King da ko baki ba ta buɗe ba a littafin 10,000. Ita Elizabeth fam 1,000 ne rabonta, shi ma sai bayan ran mahaifiyarta. Irin wannan dunƙulen ba cinye shi ake yi ba, zuba shi ake a takardun bashin gwamnati a riƙa karɓar kashi 4 ko 5 cikin ɗari duk shekara. Ke nan Elizabeth da muke ta yaba wa kaifin harshe, in aka bar ta ita kaɗai, fam 40 gare ta a shekara. Abin da ke shigo wa Darcy cikin kwana biyu ya fi wannan.

Sai maganar gidan. Longbourn, inda su Bennet ke zaune, gida ne mai gandu a yankin Hertfordshire, arewa da Landan, kuma daga gandun fam 2,000 ɗin nan suke fitowa. Amma magabatan Mista Bennet sun ɗaure shi da sharaɗi a rubuce: ba a rabawa, ba a sayarwa, kuma namiji kaɗai ke gada. Shi kansa Mista Bennet ci kawai yake yi iya rayuwarsa, ba shi da ikon bar wa wanda ya so. Da yake 'ya'yansa biyar duka mata ne, ranar da ya faɗi ya mutu gida da gandu sun zama na wani ɗan'uwansa na nesa, Mista Collins, limamin coci ɗan shekara 25 da ba su taɓa ko gani ba sai da labari ya yi nisa. Masu filaye sun ƙirƙiro irin wannan ɗaurin ne don kada gandu ya yi ta gutsurewa a hannun magada har sunan gida ya ɓace, tunda a Ingila ta wancan lokaci girman mutum da ta-cewarsa a fili suke. Abin da ɗalibaina suka fi mamaki shi ne ba dokar ƙasa ba ce, zaɓin kowane gida ne. Littafin da kansa ya nuna haka: Lady Catherine de Bourgh, uwar ɗakin Collins, ta faɗa wa Elizabeth cewa a gidan mijinta ba a ga dalilin hana mata gado ba, shi ya sa 'yarta Anne, mai yawan laulayi, ita ce magajiyar gidansu Rosings baki ɗaya.

To me zai saura wa matan Longbourn? Fam 5,000 da aka rubuta wa uwar da 'ya'yanta tun lokacin ɗaurin aure. A kashi 4 cikin ɗari, fam 200 ke nan a shekara, mata shida, babu rufin kwana. Kashi ɗaya cikin goma na abin da suka saba ci. Waɗannan fa 'yan mata ne da uwarsu ke bugun ƙirji a gaban baƙo cewa suna da kuku, 'ya'yanta ba sa leƙa madafa. In ka ajiye wannan lissafin a gabanka ka sake sauraron uwargida Bennet, surutun yana nan, rashin kamun kan yana nan, amma sai ka ji tsoron da ke ƙarƙashi. Matar da ta tura babbar 'yarta Jane gidan Bingley a kan doki ana shirin ruwa don a tilasta mata kwana, mata ce da ta san kwanakinta a gidanta ƙidayayyu ne. Mijin kuwa, wanda kowa ke so don iya baƙar magana, sai a babi na 50 aka fito mana da asusunsa. Bai taɓa ajiye ko sisi ba. Dogaronsa shi ne za a haifi namiji, in ya balaga su haɗu su warware sharaɗin. Aka yi ta haihuwar mata har auta Lydia, aka ƙara shekaru ana jira, da aka fid da rai kuma lokacin tanadi ya wuce. Ya shige ɗakin karatunsa ya ja ƙofa, ya bar matar da yake wa dariya da fargabar duka.

Na taɓa kwashe wannan labarin na ba Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta tashi a gidan malamai tana jin ana rabon gado a zaure tun tana yarinya. Tana tsince shinkafa a faranti, ta ɗago ta ce, “Tsaya, 'yar nan. Gidan na ubansu ne ko aro aka ba shi?” Na ce, “Goggo, nasa ne, amma ba ya iya bar musu.” Ta ajiye farantin ta fara lanƙwasa yatsu: matar tumuni, 'ya'ya mata tunda sun wuce ɗaya sulusi biyu, abin da ya saura shi ne na dangin uba. Na buga mata a waya. Cikin kashi 24, uwar na da 3, 'yan matan 16, shi Collins 5, in ma har ya cancanta. A kan fam 2,000 ɗin, 'yan matan sun tashi da wajen 1,333, uwar da 250. Ta ce, “To shi ɗan limamin nan da zai kwashe duka, ba ya jin nauyi?” Na ce ya ce yana ji, shi ya sa ma ya zo da niyyar auren ɗaya daga cikinsu don ya rage musu zafi. Nan take fuskar Goggo ta sake. “Au, zumunci ya zo yi ashe. To ai yaron kirki ne. Wacce aka ba shi?” Da na ce Elizabeth ya nema kuma ta ƙi, sai ta ɗauki farantinta ta ce, “Wannan yarinya ba ta tausayin uwarta.”

Ban yarda da Goggo ba, amma ita ta fi ɗalibaina gane girman abin da Elizabeth ta yi. A kwafin gwanjo, wurin neman auren Collins wurin dariya ne kawai. Mutumin ya jero dalilansa ɗaya bayan ɗaya, ya sa umurnin uwar ɗakinsa Lady Catherine a ciki, so kuwa sai can ƙarshe ya tuna da shi, kuma duk ƙin da aka yi masa ya ɗauka yanga ce ta 'yan mata. Amma a tsakiyar shirmen nan ya faɗi gaskiya guda mai ɗaci: abin hannunta ya yi ƙanƙanta ƙwarai, mai yiwuwa ba wanda zai sake tayawa. Da ta ce to, da gidan ya tsaya a hannunsu, uwarta da ƙannenta sun sami wurin zama har mutuwa. Ba ta cika 21 ba, ba ta da wani manemi a ƙasa, ta ce a'a. Bayan 'yan watanni ta sake cewa a'a ga mai fam 10,000. Jarumtarta ba a iya auna ta sai an san abin da ke bayanta, wato fam 40.

Inda bugun ya fi yi mini amfani shi ne kan Charlotte Lucas, ƙawar Elizabeth, don a nan ne zaman karatunmu yake rikicewa. Shekarunta 27, ba ta da kyau, littafin bai ɓoye ba. Mahaifinta Sir William tsohon ɗan kasuwa ne da ya riƙe shugabancin garin Meryton, aka ba shi lambar girma ta sarki, kansa ya kumbura ya bar kasuwanci, saboda haka abin da zai ba ta kaɗan ne. Collins ya nemi Elizabeth, cikin kwana uku ya nemi Charlotte, ita kuwa ba ta ja aji ba. Ta hango shi ta tagar bene yana tahowa, ta sauko ta fita don su yi kiciɓis a lungu kamar ba shiri. Jane Austen ta bi gidan ɗaki-ɗaki ta nuna mana murnar kowa: ƙannenta mata na lissafin za a fara fita da su taro da wuri, 'yan'uwanta maza sun huta da fargabar za ta yi kwantai ta zame musu kaya, uwarta kuwa ta shiga ƙirga shekarun da suka rage wa Mista Bennet a duniya.

“Malama, ba gara ta zauna ba?” Wannan ce tambayar, kuma amsarta tana cikin littafin in an nuna maka inda za ka duba. A wancan zamani jami'o'in Oxford da Cambridge ba sa ɗaukar mata. Aikin coci, soja, jirgin ruwa, lauya, duk na maza ne. 'Yar gidan mutunci da ba ta yi aure ba, ko ta zauna a ƙarƙashin ɗan'uwa da matarsa, ko ta shiga gidan masu kuɗi tana koyar da 'ya'yansu ko tana taya wata zama. Ga misalin nan a Rosings, uwargida Jenkinson, wadda aikinta a wurin cin abinci shi ne lura da ko Anne ta ci da yawa ko kaɗan, kuma Lady Catherine ta ce ana iya zuwa ɗakinta a koyi kaɗa piyano don a ɓangaren gidan nan ba a takura wa kowa. Wannan ce kujerar da ke jiran Charlotte. Ta dube ta, ta dubi Collins, ta zaɓa ido buɗe, ta kuma faɗa wa Elizabeth cewa ita ba 'yar soyayya ba ce, gida mai rufin asiri kawai take nema.

Abin da ya sa nake ganin Charlotte ta fi kowa zama mutum a littafin shi ne yadda ta tsara zaman. Da Elizabeth ta kai mata ziyara Hunsford a yankin Kent, ta tarar ta bar wa mijin ɗakin da ke kallon hanya, inda zai riƙa leƙen kekunan dokin Rosings, ita ta ɗauki wani ɗakin baya da bai kai shi kyau ba ta mai da shi wurin zamanta. Da ta zaɓi mai kyan, da kullum yana kanta. Tana ƙarfafa masa gwiwar aikin lambu, wai don lafiyarsa. In ya saki wata maganar kunya a gaban baƙi, sai ta yi kamar ba ta ji ba. Tana da kajinta, tana da gidanta, tana haƙuri da Lady Catherine da ke shigowa ta duba har girman naman da aka sayo ta ce ya yi yawa. Ba a ce tana farin ciki ba, ba a ce tana kuka ba. Kuma ita ce za ta zama uwar gidan Longbourn ranar da Mista Bennet ya rufe ido, abin da uwargida Bennet ba ta iya haɗiyewa duk lokacin da ta gan ta.

Akwai wani gefen da mai karatu Bahaushe ba zai taɓa kawowa a ransa ba sai an gaya masa, domin mu a wurinmu dukiyar mace tata ce ko tana gidan miji, kuma aure in ya ƙi ana rabuwa a sake wani. A dokar Ingila ta lokacin, miji da mata mutum ɗaya ne, kuma mijin ne mutumin. Kuɗin da mace ta shigo da su sun zama nasa, sai fa in iyayenta sun sa lauyoyi sun killace mata wani abu a rubuce kafin a ɗaura. Wannan ya bayyana dalilin da Wickham, wani saurayi mayaudari, ya so ya gudu da Georgiana tana 'yar shekara 15: auren gudu babu takarda, fam 30,000 sun faɗo hannunsa ke nan. Saki kuwa sai majalisar dokoki ta zauna ta yi doka musamman a kan auren mutum, abin da sai mai hannu da shuni, kuma kafin a canza tsarin a 1857 mata huɗu kacal suka taɓa samun saki ta wannan hanyar. Ikon matar aure a kan abin da ta mallaka sai a dokokin 1870 da 1882 ya samu, Jane Austen ta daɗe a kabari. Saboda haka “to” ɗin Charlotte da “a'a” ɗin Elizabeth duka na har abada ne, babu zawarci a gaba.

Batun Lydia ya fi sauƙin ganewa, ko ba sharhi. 'Yar shekara 16 ta bi matar wani kanar zuwa Brighton inda sojoji suka yi sansani, ta gudu da Wickham, ta bar takarda wai Gretna Green za su. Ƙauye ne da ke bakin iyaka a cikin Sikotilan, kuma a lokacin masu gudu can suke nufa saboda dokar aure ta 1753 ta hana wanda bai kai 21 ba yin aure a Ingila sai da yardar iyaye, dokar kuwa ba ta tsallaka iyaka ba. Ba su je ba. A Landan suka maƙale babu aure, kuma wannan ne ya sa gidan ya zama kamar an yi mutuwa, don tabon ba a kan Lydia kaɗai zai tsaya ba, har sauran huɗun ya shafa. Collins ya aiko wasiƙar jaje yana cewa da mutuwa ta yi da ya fi sauƙi. Shi Wickham da ya yi aika-aikar me ya rasa? An biya masa bashin da ya haura fam 1,000, an saya masa muƙami a soja, an ƙara wa amaryar wasu 1,000, duk daga aljihun Darcy, sannan ya yarda ya aure ta. Ita kuma da ta dawo gida, ta sauke gilashin keken doki ta cire safar hannu don maƙwabci ya ga zobe, da aka zo shiga cin abinci ta ce wa Jane, babbar yayarsu, ta koma baya, yanzu ita ce a gaba tunda matar aure ce. Kuma bisa al'adarsu gaskiyarta. Auta marar hankali da zobe ta fi babbar ya mai hankali da babu.

Ƙananan al'adu ma an bi su, kuma suna warware ƙulli da yawa. Matan gida ba sa iya fara kai wa sabon maƙwabci namiji ziyara sai maigida ya je, shi ya sa babi na farko gaba ɗaya roƙon Mista Bennet ake yi. Budurwa in ta ƙi rawa da wani a taro, ta haƙura da rawa ke nan. Saurayi da budurwa ba sa musayar wasiƙa in ba a yi baiko ba, don haka Jane ta yi watanni a Landan ba ta da hanyar sanar da Bingley tana gari sai ta hannun ƙanwarsa da ba ta son haɗin, shi kuma Darcy da hannunsa ya miƙa wa Elizabeth tasa wasiƙar a cikin itatuwa. Kalmomin da ma'anarsu ta sauya cikin shekara 200 duk an fassara su da Turancin yau, wanda ga ɗalibanmu ba ƙaramin taimako ba ne.

Aibinsa kuwa yana nan, kuma babba ne ga mai karatun farko. Shapard bai tsaya kan tarihi ba, yana shiga fassara halin mutane da manufar marubuciyar, wani lokaci har ya taɓo abin da zai faru a gaba. Ya yi gargaɗi a farkon littafin, amma wa ke iya hana idonsa zamewa dama? Sai ka ji kamar kana gidan kallo kusa da wanda ya riga ya ga fim ɗin, ana tsakiyar magana yana taɓo ka. Barkwancin Jane Austen a sirrance yake, da zarar an tsaya an bayyana maka inda abin dariyar yake, ya huce. Akwai kuma maimaici: kalmar da aka fassara a baya za ka sake tarar da ita an fassara. Ga wanda ke buɗe tsakiya yana neman abu ɗaya wannan alheri ne, ga mai bi daga farko gajiya ce. Wata ɗalibata da na ara wa ta dawo da shi ta ce, “Malama, ni takarda na sa na rufe ɓangaren dama, sai na gama babi nake buɗewa.” Dabararta ta fi duk wata shawara da zan bayar.

Wani abin da nake so ɗalibai su riƙe, wanda sanin rayuwar marubuciyar ke ƙara wa nauyi, shi ne ƙarshen labarin sa'a ce aka ba Elizabeth. Ta ƙi aure don tsira, sai aka saka mata da wanda take so kuma ya fi kowa kuɗi. Daɗi kam akwai, amma a ganina Jane Austen ta yi wa jarumarta alfarmar da ba a yi mata ba. An haife ta a 1775, 'yar limamin coci a Steventon. A Disambar 1802 wani magajin babban gida, Harris Bigg-Wither, ya nemi aurenta, ta amsa da dare, gari na wayewa ta janye. Shekarunta sun kusa daidai da na Charlotte, saura kwanaki ta cika 27. Babu wani Darcy da ya biyo baya. Mahaifinta ya rasu a 1805, ita da uwarta da yayarta Cassandra suka koma dogaro da abin da 'yan'uwanta maza ke haɗawa, suna ƙaura daga nan zuwa can, sai a 1809 yayanta Edward ya ba su wani ɗan gida a Chawton. A nan ta gyara wannan littafin, ta sayar da haƙƙinsa ga Thomas Egerton a kan fam 110 ko da yake 150 ta so, ya fito a Janairun 1813 cikin juzu'i uku, babu sunanta a bango. Ta rasu a 1817 tana da shekara 41. A babin ƙarshe akwai 'yar da ta rage a gida tana taya uwarta zaman karɓar baƙi, Mary, kuma layi kaɗan aka ba ta.

Ga mai niyyar saya: labarin kansa kyauta yake a intanet tunda ya tsufa, har da karatunsa na saurare, saboda haka shafukan dama kake biya wa kuɗi. Malami, ɗalibin jami'a, ko wanda ya taɓa karantawa yana son komawa, zai mori kuɗinsa. Wanda bai taɓa ba ya fara da na gwanjo. A nemi bugun da aka sabunta aka faɗaɗa na 2012. A kuma lura akwai wani bugun mai sharhi na Patricia Meyer Spacks da ya fito a 2010, faffaɗa mai bango mai tauri, ba shi ne wannan ba, kuma masu sayarwa kan rikita su. Ni ta hannun wani mai odar littattafai daga waje na samu nawa, ya ja ni da “gobe, jibi” har na fara cire rai, da ya iso kuma kusurwar bangon a lanƙwashe, kuɗinsa ya ninka na gwanjo sau da yawa. Kafin ka tura kuɗi ka sa a ɗauko maka hoton tsakiyar littafin a buɗe, ka tabbata hagu labari, dama bayani. Bangon takarda ne kuma kaurin yana wahalar da ɗaurin, don haka na sa an yi wa nawa rigar leda. Makaranta ba ta bukatar fiye da kwafi ɗaya ko biyu a ɗakin karatu: yara su riƙe nasu ƙananan, malama ta riƙe wannan.